Aron Bakin Kare: Tsokaci A Kan Karnukan Da Ake Koya Wa Magana Da Madannai

Gabatarwa

Daga cikin laifuffukan da Bahaushe ba ya yafewa da wuri akwai a ari bakinsa a ci masa albasa. Mutum yakan jure zagi, yakan haɗiye raini, amma da zarar an ce ya faɗi abin da bai faɗa ba, sai ka ga ya miƙe tsaye yana neman shaidu. Dalili kuwa shi ne, magana ita ce wakiliyar mutum a bainar jama'a. Da ita ake ɗaura aure, da ita ake warware shi, da ita kuma ake kama mutum a gaban alƙali. Wanda ya ci albasa da bakin wani ya tafi da daɗinta, ya bar mai bakin da wari.

Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan wani irin aron baki na daban, wanda ya yaɗu a Amurka daga shekarar 2019, sa'an nan ya bazu zuwa wasu ƙasashe. A can, masu kiwon karnuka a cikin gida sun shiga jera wa karnukansu waɗansu 'yan madannai a ƙasa, kowane madanni da kalmar da aka naɗa a cikinsa. Idan kare ya taka guda da ƙafarsa sai murya ta fito ta ce "waje", ko "ruwa", ko "wasa", wani lokaci har ma "ina ƙaunar ka". Wani zai ce ai wannan wasan waɗanda suka ƙoshi ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, domin a wurinmu kare abokin gadi ne da farauta, wurin kwanansa kuwa ƙofar gida. To amma tambayar da wasan ya tayar tsohuwa ce, kuma ta shafi kowa: idan marar baki ya yi magana da kalmomin da wani ya zaɓar masa, wa ya yi maganar? Kuma wane nauyi ne ya hau kan wanda ya ji ta?

Yadda Al'amarin Ya Faro

Wadda ta fito da wannan dabara a idon duniya wata Ba'amurkiya ce mai suna Christina Hunger, wadda sana'arta ita ce taimaka wa yaran da wata lalura ta hana su magana da baki. Irin waɗannan yara akan ba su na'ura mai hotuna ko alamomi, yaro ya taɓa alamar abin da yake so, na'ura ta furta masa. A shekarar 2018 ta sami 'yar kwikwiya ta sa mata suna Stella. Sai ta lura cewa kwikwiyar tana yin irin abubuwan da ƙaramin yaro yake yi gab da ya fara magana: ta dubi ƙofa ta dubi mutum, ta bugi kwanon ruwa idan ya bushe. Daga nan ta ajiye madanni a bakin ƙofa, ta naɗa kalmar "waje" a cikinsa, kuma duk lokacin da za su fita sai ta furta kalmar, ta danna madannin, ta buɗe ƙofa. Bayan wasu makonni Stella ta fara takawa da kanta. A hankali madannan suka haura arba'in, kuma a 2021 matar ta wallafa littafi a kan wannan labari.

Wata karya mai suna Bunny, ta wata mata Alexis Devine a garin Tacoma na jihar Washinton, ita ce ta fi shahara, domin miliyoyin mutane sun kalli hotunanta na bidiyo a TikTok, madannanta kuwa sun kai wajen ɗari. Kafin a ankara har kamfanoni sun shiga ƙera madannan suna sayarwa, fitacce daga cikinsu shi ne FluentPet.

Hanyar koyarwar ba ta da wani sirri. Mai kare ya haɗa abu uku a lokaci guda, wato furta kalma da danna madanni da aikata abin da kalmar take nufi, ya yi ta maimaitawa har kare ya gane cewa taka wannan wuri yana jawo wancan abu. Akan bar kowane madanni a mazauninsa ba a sauya masa wuri, domin kare ya fi dogara da inda abu yake a kan launinsa, kasancewar idonsa shuɗi da rawaya ya fi bambantawa. Sai dai akwai wani abu guda da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan, domin a kansa wannan maƙala ta ginu: a mafi yawan gidaje, muryar da take fitowa daga madannin muryar mai karen ce, shi ya naɗa ta da bakinsa.

Abin Da Bincike Ya Tabbatar

Adalci ya wajabta a fara ba kare haƙƙinsa, domin ba ƙaramin abu ya iya ba. A 2004 Juliane Kaminski da abokan aikinta a Jamus sun nuna cewa wani kare mai suna Rico ya san sunayen abubuwa kimanin 200. A 2011 aka buga sakamakon aikin John Pilley a Amurka, wanda ya koya wa karyarsa Chaser sunayen kayan wasa 1,022. A 2016 kuma Attila Andics da 'yan tawagarsa a birnin Budafes na ƙasar Hangari sun horar da karnuka 13 su kwanta shiru a cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka gano cewa ƙwaƙwalwar kare tana bambanta kalma da kuma karin muryar da aka faɗe ta da shi. Ko amfani da alamomi don neman abu ma ba da Stella aka fara ba, domin tun a 2008 masu bincike a Jami'ar Sawo Paulo ta Burazil sun ba da rahoton wata karya, Sofia, wadda ta koyi taɓa alamomi a kan allo don neman ruwa ko abinci ko yawo.

Game da madannan kansu, Federico Rossano na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego ya fara wani babban bincike a 2020. A watan Agusta na 2024 tawagarsa ta fitar da sakamakon gwajin karnuka 59. An gano cewa idan suka ji kalmar wasa sukan nufi kayan wasa, idan suka ji ta fita sukan nufi ƙofa, ko da baki aka furta ko da madanni, ko mai su ne ya yi ko baƙo. A watan Disamba na wannan shekara suka sake fitar da nazarin karnuka 152 da aka bi diddiginsu na tsawon wata 21, inda aka ƙirga danni fiye da 260,000, kimanin 195,000 daga ciki karnukan ne suka yi. Sakamakon ya nuna cewa haɗa madanni biyu da karnukan suke yi ba katari ba ne, kuma ba kwaikwayon abin da masu su suke dannawa ba ne kawai.

Wannan ba abin rainawa ba ne. Amma wajibi ne a lura da abu biyu. Na farko, masu karnukan ne da kansu suka riƙa shigar da bayanan nazari na biyu ta manhajar kamfanin da yake sayar da madannan. Na biyu, kalmomin da karnukan suka fi takawa su ne na fita waje da na abin taunawa da na wasa da na biyan buƙata. Wato abin da aka tabbatar shi ne kare yana roƙo da niyya. Tsakanin roƙo da niyya da kuma abin da ɗan Adam yake kira harshe akwai tafiya mai nisa.

Darasin Dokin Balin

Wannan ba shi ne karo na farko da mutane suka yi murnar cewa dabba ta buɗe baki ba. A farkon ƙarni na ashirin, a birnin Balin na Jamus, wani tsohon malamin makaranta mai suna Wilhelm von Osten yana da doki, Hans, wanda aka ce ya iya lissafi. Idan aka tambaye shi uku a tara da huɗu sai ya bugi ƙasa da kofato sau bakwai. A 1904 aka kafa kwamitin mutum 13 ya bincika, ya ce bai ga wata yaudara ba. Kuma gaskiya ne, babu yaudara. Sai daga baya wani masanin halayya, Oskar Pfungst, ya warware ƙullin a littafinsa na 1907. Ya gano cewa idan mai tambaya ya san amsa, doki yakan dace a kashi 89 cikin 100, idan kuwa bai sani ba, sai ya faɗo zuwa kashi 6. Ashe fuskar mai tambaya dokin yake karantawa. Idan bugun ya kai adadin da ake jira, sai mutum ya ɗan saki jiki ko ya ɗaga kai ba tare da ya sani ba, doki kuwa sai ya tsaya.

Mutane sukan ba da wannan labari don su nuna cewa dokin bai san komai ba. A nawa ganin an yi wa labarin gurguwar fahimta. Hans bai iya lissafi ba, amma ya iya wani abu da ya gagari masana 13, wato ganin motsin da mai yin sa ma bai san ya yi ba. An tambaye shi da harshen mutane, an yaba masa a kan ilimin da ba shi da shi, an kuma makance ga ilimin da yake da shi.

Haka aka sake yi da birai. A 1966 Allen da Beatrix Gardner suka fara koya wa wata biranya mai suna Washoe alamomin maganar hannu ta kuramen Amurka. A 1973 Herbert Terrace na Jami'ar Kolombiya ya fara nasa aikin da wani biri, Nim, wanda ya koyi alamomi kimanin 125. Da Terrace ya zauna ya sake duban hotunan da aka ɗauka a tsanake, sai ya bayyana a 1979 cewa mafi yawan abin da aka ɗauka jimloli ne maimaici ne na alamomin da malamin ya riga ya yi, kuma kusan dukkansu neman abinci ne ko wasa.

Idan muka dawo kan madannai, za mu ga wannan tarko yana nan a ɗane. An nuna Bunny ta taka "wane ne" da "wannan" sa'an nan ta dubi madubi, jama'a suka ce karya ta fara tunanin ko ita wace ce. An kuma nuna ta ta taka "ciwo" da "baƙo" da "ƙafa", aka duba aka sami wani tsinke mai kaifi a tafin ƙafarta. Na biyun abu ne mai amfani, kuma mai yiwuwa ne. Amma abin da mai kallo yake gani 'yan daƙiƙu ne da aka tsamo daga dubban danni, kuma wanda ya tsamo su mutum ne mai ƙaunar karen, mai fatan jin ma'ana. Kalmomi uku da aka jera ba su zama jimla sai wani ya cike gurbin da ke tsakaninsu, mai cikewar kuwa a kullum ɗan Adam ne.

Wa Ya Zaɓi Kalmomin?

A nan ne zuciyar al'amarin take. Ɗaliban adabi sun san cewa dabbobi sun daɗe suna magana a bakinmu. A tatsuniya Gizo yana ƙulla makirci, kura tana kwaɗayi, dila yana malanta. A cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a 1937, aku ne ya riƙe ɗan sarki da labarai har ya kai ga muƙamin waziri. Amma babu yaron da ya taɓa ruɗewa ya zaci ainihin kura ce take bayyana ra'ayinta. Kowa ya san mun ari fatar dabba ne mun lulluɓe halinmu da ita don mu sami damar yi wa kanmu dariya. Aron a fili yake, shi ya sa babu wanda aka zalunta.

Bambancin madannai shi ne, aron ya ɓuya. Akwai kare na gaske, mai yunwa ta gaske da tsoro na gaske, yana taka abu da ƙafarsa, amma ƙamus ɗin da aka shimfiɗa masa wani ne ya tsara shi tun daga farko har ƙarshe. Mutum ne ya yanke cewa za a sa "ƙauna", mutum ne ya naɗa ta da muryarsa, mutum ne kuma yake rungumar kare duk lokacin da ya taka ta. Idan kare ya gane cewa wannan madanni yana jawo shafa da fara'a, zai yi ta takawa, kuma ba ƙarya yake yi ba, domin lalle yana son shafar. Sai dai abin da ya shiga kunnen mai shi ya fi abin da ya fito daga zuciyar kare yawa, ko kuma ya sha bamban da shi. Mutum ya ji muryar kansa tana faɗa masa abin da ya daɗe yana son ji, sai ya ce kare ne ya faɗa.

Sa'an nan a dubi abin da ba ya cikin ƙamus ɗin. Duniyar kare duniyar ƙamshi ce da wari. Ƙwayoyin sunsuna da ke hancinsa sun kai ɗaruruwan miliyoyi, na mutum kuwa 'yan miliyoyi ne. Da hancinsa yake sanin wanda ya wuce ta ƙofa jiya, da wanda yake jin tsoro, da karyar da ta bi ta layi da asuba. Wannan shi ne labaran duniyarsa, shi ne tarihinsa. Amma babu madannin da zai ɗauki ko da guda daga cikinsu, domin mu kanmu ba mu da kalmominsu. Saboda haka idan muka auna hankalin kare da yawan madannan da ya iya, mun zama kamar wanda ya gwada iyawar masunci a fagen sukuwa. Masanin falsafa Ludwig Wittgenstein ya taɓa nuna cewa ko da zaki zai buɗe baki ya yi magana ba lalle ne mu fahimce shi ba, saboda ma'anar kalma a cikin rayuwar masu amfani da ita take, rayuwar zaki kuwa ba tamu ba ce.

Wani zai ce, to ai sai mu koma ga abin da muka gada, tunda masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Nan ma sai an yi hattara. A 2009 Alexandra Horowitz ta gwada wannan kallon mai laifi da karnuka suke yi, na sunkuyar da kai da kwantar da kunne. Ta gano cewa kare yakan yi shi ne idan mai shi ya yi masa faɗa, ko ya aikata laifin ko bai aikata ba. Wato ko ba tare da madanni ba muna iya cin albasa da bakin kare. Na'ura ba ta ƙirƙiro cutar ba, ta dai sa mata murya ne.

Shin Haƙƙi Sai Mai Baki?

Me ya sa mutane suke ɗokin jin kare ya yi magana haka? Ina jin dalilin yana da nasaba da wani tsohon zato, cewa wanda ba ya magana ba shi da abin faɗa, wanda ba shi da abin faɗa kuwa ba shi da haƙƙi. A 1637 René Descartes na Faransa ya kafa hujja da rashin harshe ya ce dabbobi tamkar injuna suke. Ya lura cewa aku yana furta kalmomi amma ba ya nuna cewa yana tunanin abin da yake furtawa, alhali kurame sukan ƙirƙiri alamomin da suke bayyana tunaninsu. A wannan gaɓa ta biyu ya yi gaskiya, kuma duk wanda ya ga kurame a Kano suna hira da maganar hannu, suna musu, suna ba'a, suna ba da labarin jiya, ya san cewa harshe ba a maƙogwaro yake ba. Haka kuma yaron da aka ba na'urar magana yakan wuce roƙo ya kai ga tambaya da barkwanci da ƙorafi, domin dama ɗan Adam ne cikakke wanda ƙofa ta rufe wa. Bai dace a haɗa shi da kare a ma'auni guda ba.

Inda Descartes ya kauce shi ne inda ya ɗaure jin zafi da iya magana. A 1789 Jeremy Bentham na Ingila ya nuna cewa abin dubawa game da dabba shi ne ko tana jin wahala, iya tunaninta ko iya maganarta ba su ne ma'auni ba. Musulmi kuwa ya daɗe da sanin haka. Hadisi ya zo da labarin mutumin da ya ga kare yana lallage harshe saboda ƙishirwa, ya sauka rijiya ya ɗebo masa ruwa a cikin takalminsa, aka gafarta masa. Ya kuma zo da labarin matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha har ta mutu, aka yi mata azaba. Wancan kare bai taka madannin "ruwa" ba. Harshensa da ya zazzago shi ne jawabinsa, kuma mutumin ya gane shi ne saboda shi ma ya san ƙishirwa. Suratul An'am ta bayyana dabbobi da tsuntsaye a matsayin al'ummomi kamar mu, Suratul Ma'ida kuma ta halatta abin da horarren kare ya kamo, wanda hakan ya nuna cewa an daɗe da sanin kare yana koyo yana kuma fahimtar umarni.

Saboda haka akwai haɗari a cikin murnar da ake yi. Idan muka ce Bunny ta cancanci kulawa domin ta iya madanni ɗari, me za mu ce game da karen da yake kwana a bola, da jakin da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinsa, da kajin da aka ɗaure ƙafafunsu aka rataye a bayan babur da tsakar rana? Su ba su da madanni ko ɗaya, kuma ƙishirwarsu ba ta gaza ta Bunny ba.

Amanar Mai Sauraro

Duk da haka ba na cikin masu cewa a tattara madannan a zubar. Karen da zai iya sanar da cewa yana son fita kafin ya ɓata ɗaki, ko ya nuna cewa wani wuri yana yi masa ciwo, ya sami sauƙi, mai shi ma ya samu. Daɗin daɗawa, wanda yake koyarwar dole ya zauna ya lura da karensa na sa'o'i, ya san lokacin da yake jin yunwa da abin da yake firgita shi. Mai yiwuwa ne babban amfanin madannan shi ne sun horar da mutum ya kasa kunne.

Amma wanda ya ba wani baki ya ɗauki amana, kuma amanar tana da sharuɗɗa. Na farko shi ne kada ya ƙara gishiri: idan kare ya ce "waje", to waje ya ce, kada a mai da shi mai falsafa don a burge 'yan kallo. Na biyu, kada madanni ya danne jiki. Idan ƙafa ta taka "wasa" amma wutsiya tana tsakanin cinyoyi kuma kunnuwa sun kwanta, to jiki ne mai gaskiya, domin da shi kare ya yi dubban shekaru yana magana da mutum. Na uku, kuma mafi nauyi, shi ne karɓar amsar da ba a so. Masu karnuka da yawa sukan sa madannin "a'a" da na "an gama". Sa su abu ne mai sauƙi. Jarrabawar tana zuwa ne ranar da kare ya taka "a'a" alhali mai shi yana son ɗaukar hoto. Idan ana jin sa ne kawai lokacin da ya faɗi abin da ke faranta rai, to ba a ba shi baki ba, an dai yi masa ado ne.

Ƙarshen Nim ya isa wa'azi a nan. Birin da aka rena a cikin gida kamar ɗa, aka sa masa tufafi, aka koya masa roƙo da hannu, da aikin ya ƙare a 1977 sai aka mai da shi inda aka ɗauko shi. A 1982 aka sayar da shi ga wani ɗakin gwajin magunguna, sai da jama'a suka yi ca sa'an nan aka fitar da shi, ya ƙare rayuwarsa a wata gonar kula da dabbobi a jihar Tekzas a shekarar 2000. An koya masa yadda zai nema, sa'an nan aka janye masu amsawa.

Mai karatu zai lura cewa waɗannan sharuɗɗa ba su tsaya ga kare ba. Duk inda mai ƙarfi yake tsara wa marar ƙarfi kalmomin da zai yi magana da su, wannan tambaya tana nan. Tana nan a wurin tafinta da ke tsaye tsakanin alƙali da baƙauyen da bai ji harshen kotu ba. Tana nan a takardar da aka ba talaka mai gurbi biyu, na "e" da na "a'a", alhali abin da ke damun sa ba ya cikin ko ɗaya. Tana nan a ajin da malami ba ya karɓar amsa sai wadda ta fito da kalmomin da shi ya dasa. Tana kuma nan a teburin marubuci, wanda yake sa wa almajiri ko bazawara ko mahaukaci magana a baki. Matasan marubutan da suke cika shafukan wannan mujalla ya kamata su riƙa tambayar kansu, duk lokacin da tauraronsu ya buɗe baki, ko shi ne yake magana ko kuwa muryarsu ce da suka naɗa take dawo musu.

Kammalawa

To, wa ya yi magana idan kare ya taka madanni? Amsar da ta fi kusa da gaskiya ita ce su biyu ne. Buƙatar ta kare ce, kuma bincike ya nuna da niyya yake nema. Kalmar da muryar da fassarar kuwa na mutum ne. Tunda kaso mafi girma yana hannun mutum, nauyi mafi girma ma a kansa yake.

Akwai abin lura a cikin ƙissar Annabi Sulaiman, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kamar yadda ta zo a Suratun Namli. Ba a ce an koya wa tsuntsaye harshen mutane ba. Shi aka sanar da maganar tsuntsaye. Tururuwar da ta gargaɗi 'yan'uwanta su shige gidajensu kada runduna ta tattake su, da nata harshe ta yi, kuma ba da shi take ba. Baiwar tana wajen mai ji, kuma da ya ji sai ya yi murmushi ya roƙi ikon godiya. Mu ba a ba mu wannan mu'ujiza ba, amma an ba mu ido da kunne da sanin zafin yunwa da ƙishirwa. Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Ba su ce sai kurciya ta koyi Hausa ba.